College Football 25 a gidajen gem na Akra: shin ya cancanci kuɗinsa?

Mai gidan gem da ke neman faifan da yara biyu za su buga minti goma su tashi wasu su zauna, kada ya zuba kuɗinsa a College Football 25, gem ɗin ƙwallon Amurka na jami'o'i, ƙwallon da ake jifa da gudu da ita a hannu. Wanda kuwa yake da haƙurin ɗaukar ƙungiyar jami'a guda tun daga ƙarshen Agusta har daren da ake ɗaga kofin rukuni a Disamba, zai daɗe bai ga faifan da ya biya shi kamar wannan ba. Duk darajar wasan tana cikin sashen da ake kira Dynasty, inda kake zama kocin jami'a kaka bayan kaka, kuma a kansa za mu fi tsayawa.

Kamfanin EA Sports ne ya fitar da shi ranar 19 ga Yuli 2024, bayan shekara goma sha ɗaya ba a yi irinsa ba, don na ƙarshe kafin shi a 2013 ya fito. Farashinsa na farko dala 69.99 ne. A PS5 da Xbox Series X da S kaɗai yake tafiya. Wannan ya kamata ya shiga kunnen masu shaguna a Nima da Mamobi da Sabon Zango tun da wuri, domin da yawansu har yanzu PS4 ce ke ciyar da su. Ba ya hawa PS4, ba ya hawa kwamfuta, kuma duk wanda ya ce zai zuba maka shi a ɗayansu, riƙe kuɗinka. Akwai ƙungiyoyi 134 a ciki, wato dukkan jami'o'in babban mataki na kakar 2024, da 'yan wasa na gaskiya da sunayensu, waɗanda aka biya kowannensu dala 600 tare da kyautar wasan. Masu horarwa na gaskiya kam babu su a wannan fitowar.

Ga wanda bai saba da tsarin ba: jami'o'in Amurka a rarrabe suke rukuni-rukuni, kuma manyan guda huɗu su ne SEC da Big Ten da Big 12 da ACC. Kowace ƙungiya tana buga wasa 12 a kaka. A Big 12, mai ƙungiyoyi 16, tara daga ciki na cikin rukuni ne, uku na waje. Biyun da suka fi kowa nasara a wasannin cikin rukuni su ne ke haɗuwa a wasan kofi a makon farko na Disamba. SEC tana yin nata a Atlanta, Big Ten a Indiyanafolis, ACC a Shalot, Big 12 kuma a Alinton ta jihar Teksas. Wasan ya ɗauko wannan tsari yadda yake, har da gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 12 da aka fara a 2024, wadda a lokacin zakarun rukuni biyar mafiya matsayi ke shiga kai tsaye.

Ma'aunin da ya fi dacewa a gwada wasan da shi shi ne kakar Arizona State ta 2024. A 2023 sau 3 kawai suka yi nasara, aka doke su sau 9. Suka baro rukunin Pac-12 suka shiga Big 12, 'yan jarida suka yi hasashe kafin kaka suka ajiye su na 16 cikin 16. Koci Kenny Dillingham ya kai su nasara 10 da faɗuwa 2, suka gama da 7 da 2 a cikin rukuni, kunnen doki da Iowa State da BYU da Colorado. Dokokin raba gardama suka fitar da su tare da Iowa State, suka lallasa ta 45 da 19 ranar 7 ga Disamba, wasan da aka take da ƙarfe 5 na yamma agogon Ghana. Ɗaya daga cikin nasarorin da suka buɗe musu hanya ita ce 28 da 23 a kan BYU a Nuwamba, jami'ar da ɗan Akra Ezekiel Ansah ya koyi wannan ƙwallo a cikinta kafin Detroit Lions ta NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, ta ɗauke shi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013. Tambayar ita ce ko mutum zai iya zama da kwantirola ya bi irin wannan hanya, ya ji nauyinta. Amsar ita ce e, kuma abubuwan da suka wahalar da ƙungiyar a fili su ne za su wahalar da kai a allo.

Na farko shi ne gajiyar jiki, abin da wasan ya sa wa suna Wear & Tear. Kowane ɗan wasa yana da hoton jikinsa kashi-kashi, kuma duk dukan da ya sha yana sauka ne a wani sashe takamaimai. Mai jefa ƙwallo da aka yi ta bugun hannunsa, jifarsa za ta rage ƙarfi da saiti. Mai gudu da ƙwallo da aka yi ta sarar ƙafafunsa, gudunsa zai ragu, kuma haɗarin rauni na ƙaruwa. Yana ɗan murmurewa idan ya zauna a benci, da lokacin hutun rabi, da tsakanin mako da mako, amma ba duka ke gogewa ba. Ga inda sabon hannu ke faɗuwa: ya ga Cam Skattebo, mai gudu da ƙwallo na Arizona State, yana ture mutane, sai ya riƙa miƙa masa ƙwallo sau talatin da wani abu a kowane wasa tun Satumba, har da wasannin waje da ba su da tasiri a teburin rukuni. Kafin Nuwamba ta kama, hoton jikin ya yi ja, kuma a lokacin ne wasannin da ke yanke hukunci suke zuwa. Skattebo na gaskiya ya yi gudun yadi 1,711 a kakar, 170 daga ciki a wasan kofi, amma a allo ba za ka same shi da wannan ƙarfin a Disamba ba sai ka tattala shi. Shawararmu: kada ya wuce ɗauka 20 zuwa 22 a wasa, ka ba na biyunsa zagaye guda cikin kowane uku, ka shiga saitin canji na kai-tsaye ka ɗaga lambar da ake fitar da shi idan ya gaji, kuma da zarar tazara ta kai maki 21 a zango na huɗu, wato na ƙarshe, ka zaunar da manyan. Mai jefa ƙwallo kuma ka koya wa yatsanka zamewa ƙasa ko fita layi kafin a taɓa shi. Arizona State ta gaskiya ta faɗi 24 da 14 a hannun Cincinnati ne a wasan da mai jefa mata ƙwallo, Sam Leavitt, bai buga ba saboda rauni, kuma ta je wasan kofi ba tare da babban mai cafe mata ƙwallo, Jordyn Tyson, ba. Wannan sashe EA ta yi shi da kyau ƙwarai, domin yana tilasta maka tunanin makonni uku masu zuwa alhali kana tsakiyar wasan yau.

Na biyu shi ne zuwa gidan wasu. Idan kana baƙo a babban fili, ihun 'yan kallo yana girgiza allo, layukan da ke nuna hanyar masu cafe ƙwallo su lanƙwashe, alamomin maɓallai su ɓace a kan wasunsu, kuma idan ka so canza dabara a bakin layi wani ɗan wasan ba zai ji ba. Filin Kyle na Texas A&M aka sa a matsayin mafi wuya. Abin ya fi kama ɗan wasa sabon shiga fiye da wanda ya daɗe. Maganinsa shi ne ka haddace dabaru shida zuwa takwas a filin atisaye har ka san inda kowa zai bi ba tare da ka duba layi ba, ka fara wasan baƙunta da gudu da gajerun jifa, ka rage canje-canje a bakin layi. Cin yadi goma sau biyu ko uku a jere yana kwantar da ihun. Jefa ƙwallo a hannun abokan gaba kuwa yana tayar da shi fiye da yadda ka same shi.

Sai neman sababbin ɗalibai, wanda a nan ne rabin lokacinka zai tafi, kuma a nan ne ake gina kakar cin kofi ta shekara ta biyu da ta uku. Allonka yana ɗaukar mutum 35, ƙungiya kuma ba ta wuce 85. Kowane mako ana ba ka awoyi gwargwadon girman jami'arka, kuma kowane mataki yana da kuɗinsa: leƙa shafukan sada zumunta na yaron da kake nema awa 5, aika masa saƙo awa 10, tuntuɓar iyaye da abokai awa 25, tura masa dukkan ma'aikata awa 50. Yaron yana rage jerin jami'o'insa zuwa 8, sannan 5, sannan 3. Idan ka shiga biyar ɗinsa sai ƙofar lallashi ta buɗe, mai sauƙi awa 20, mai ƙarfi awa 40, da kuma gayyatar ziyara. Kowane yaro yana da abubuwa uku da ya fi damuwa da su daga cikin ma'aunai 14 da ake auna jami'a da su, irin su damar buga wasa, kusanci da gida, darajar rukuni da damar zuwa NFL. Lallashi mai ƙarfi yana aiki ne idan ka gano ukun nan kuma makinka a kansu yana da kyau. Idan ka yi shi da ka, baya yake mayar da kai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika allon da mutum 35 a raba musu awoyi kaɗan-kaɗan. Babu wanda za ka samu a cikin na kirki, domin manyan jami'o'i suna zuba cikakkun awoyi a kan kowane ɗaya. Ƙaramar ƙungiya ta zaɓi mutum 10 zuwa 12, ta fara da masu tauraro uku da huɗu, wato makin da ake auna gwanintar yaro da shi, na yankunan da take da hanya a cikinsu, ta duba waɗanda babu wanda ya yi musu tayi bayan makonnin farko. Ka kashe awoyin bincike kafin ka yi nisa da yaro: koren lu'ulu'u yana nufin ya fi taurarinsa, jan da ya fashe yana nufin bai kai ba. Ziyara kuma mutum huɗu kawai ake karɓa a wasan gida guda. Ka haɗa mai jefawa da mai cafewa a rana ɗaya, suna ƙara wa juna sha'awa. Kada ka haɗa masu jefa ƙwallo biyu. Kuma ka zaɓi wasan da kake da yaƙinin ci, don sakamakon yana shiga lissafin yaron.

Abu guda da bai kamata a manta ba shi ne sharaɗin da kowane ɗan wasa ke riƙe da shi wanda ba ya sassautawa. Idan nasa damar buga wasa ce, ka kuma ɗauko wani ka ɗora a kansa, a ƙarshen kaka zai shiga kasuwar sauya jami'a ya bar ka. Wannan kasuwar kuma ita ce hanya mafi sauri ta toshe ɓaraka. Leavitt daga Michigan State ya zo, Skattebo daga Sacramento State, don haka wanda ya gina ƙungiyarsa da 'yan sauyi bai kauce wa gaskiya ba. Sababbin da ba ka buƙata yanzu kuma ka ajiye su: wanda bai buga fiye da wasa huɗu ba, shekarar ba ta ƙirgu cikin shekarun da aka ƙayyade masa na buga wa jami'a.

A cikin fili wasan yana da sauri da daɗin hannu. Abu biyu ne ke rikita wanda ya zo daga Madden, gem ɗin NFL na wannan kamfani. A dabarar zaɓi, inda mai jefawa ke karanta ɗan tsaron gefe, idan ba ka taɓa komai ba ƙwallo tana tafiya ga mai gudu, sai ka danna X idan kana so ka riƙe ta. Bugun ƙafa kuma hawa biyu ne: ka tsayar da alamar da ke kai-komo hagu da dama a tsakiya, sannan ka riƙe maɓalli ƙarfin ya hau, ka saki kafin ya shiga ja. Idan ya shiga ja saiti ya lalace. A filin baƙunta alamar tana ƙara sauri. Ka ba wannan minti goma sha biyar na atisaye, domin kofi yana iya rataya a kansa: Clemson ta ci kofin ACC na 2024 ne da bugun yadi 56 a daƙiƙar ƙarshe, 34 da 31 a kan SMU. Matakan wuya huɗu ne. Freshman da Varsity na koyo ne, All-American shi ne inda kaka ke da ma'ana, Heisman kuwa yana sa kwamfuta ta riƙa yin abin da 'yan wasanta ba su kai ba, har abin ya daina kama da ƙwallo.

Tsaro shi ne raunin wasan. Masu bin mai gudu sukan ɗauki kusurwa mara kyau, ɗan wasa mai sauri ya zagaye su ta gefe, shi ya sa maki ke yawa fiye da kima. Layin masu tarewa ma wani lokaci yakan bar mutum ya wuce ba tare da an taɓa shi ba. Abin da ya fi waɗannan ciwo ga mai bin kaka shi ne wasannin da kwamfuta ke buga wa kanta. Manyan ƙungiyoyi sukan faɗi a hannun ƙanana fiye da yadda hankali zai ɗauka, jerin matsayi na mako-mako yakan fito a karkace, kuma tun da matsayi ke tantance shiga gasar ƙasa, wannan yana taɓa ka kai tsaye. Gyare-gyaren da kamfanin ya saki bayan fitowa sun rage abin, don haka lallai a sauke su kafin a fara kaka. Sannan daren kofin kansa bai samu girman da ya kamata ba. Ka sha wahalar wasa goma sha biyu, ka ci na sha uku, a nuna ɗan gajeren biki, a wuce. Babu ɗakin ajiye kofuna da za ka koma ka duba, kuma masu sharhi, duk da akwai Chris Fowler da Kirk Herbstreit a manyan wasanni, suna maimaita kalamai har ka haddace su. Wasan da ya iya kawo ganguna da kaɗe-kaɗen kowace jami'a bai kamata ya yi rowa a wannan dare ba.

Yanzu ga abin da ya shafe mu a nan. Shagon PlayStation ba shi da reshen Ghana, don haka masu saye ta intanet da asusun Amurka ko Ingila suke amfani, kuma katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na ƙasar asusun. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Faifan PS5 ba a kulle shi da yanki ba, wanda aka kawo daga Amurka zai tashi a kowace na'ura, amma duk wani ƙari da za ka saya dole ya dace da yankin faifan. Saukewa da gyare-gyare suna cin gomomin gigabayit, ka yi su da dare a kan layin gida ko babban kunshin data, ba da ɗan abin da ke wayarka ba.

Wurin buɗe Dynasty za a tambaye ka ko ta intanet ko a kan na'ura. Ka zaɓi na kan na'ura, sai dai in da abokai na nesa za ku yi. Na intanet yana ɗaukar mutum har 32, amma duk lokacin da layi ya yanke ba ka da hanyar shiga kakarka, kuma buga wasa da wanda ke Amurka yana zuwa da jinkirin da ke lalata jifa da bugun ƙafa, waɗanda duka a kan daƙiƙa suke. Ƙungiyoyin da mutane ke ƙirƙira da kansu a Team Builder kuwa sai a na intanet suke shiga.

Wuta ita ce babbar matsala, domin wasa guda yana da tsawo. Da zango na minti 5 da agogo mai sauri, lissafa kusan minti 40. Wasa 13 ya kama kusan awa tara ke nan, ban da neman ɗalibai. Idan dumsor, wato ɗauke wuta, ta faɗo a zango na uku, aikin ya tafi. PS5 tana jan wajen wat 200 lokacin wasa, talabijin ta ƙara nata, don haka ƙaramar UPS, na'urar riƙe wuta idan an ɗauke, mai 650VA da ƙyar za ta ba ka 'yan mintuna. Nemi mai 1000VA ko sama, wadda za ta riƙe ka har janareta ta tashi ko ka kashe na'urar yadda ya kamata. Kada a bar ta a yanayin barci a unguwar da ake yawan ɗauke wuta, don yankewar wuta a wannan hali ita ce ke kawo allon gyaran ma'ajiya, wani lokaci har da lalacewar abin da aka adana. Na'urar da aka kawo daga Amurka tana karɓar wutarmu ta bolt 230 ba tare da taransifoma ba, igiya mai kan soket ɗinmu kawai za ka canza. Da hunturu kuma, ka cire murfin gefe duk bayan 'yan makonni ka zuƙe ƙurar da ta taru, musamman a shagon da ke bakin titi.

Ga mai gidan gem, lissafin a fili yake: a lokacin da za a buga wasa ɗaya na wannan, an buga FC, gem ɗin ƙwallon ƙafa, sau uku an biya. Idan ana cajin wasa-wasa, asara ce. Hanyar da yake biya ita ce a caji awa, ko a haɗa samari shida zuwa takwas na majalisa guda su buɗe kaka ɗaya a na'urar shagon, kowa da kocinsa da jami'arsa, duka a rukuni ɗaya, su biya kuɗin mako ta Momo, wato tura kuɗi ta waya. A sa su a rukuni ɗaya domin su riƙa haɗuwa, kuma kujeru biyu kacal na wasan kofi su zama abin faɗa. A tsayar da dokoki tun ranar farko: tsawon zango, matakin wuya, ranar da ake tura mako gaba ko da wani bai zo ba. A lokutan da ba kowa, tsakanin Azahar da La'asar misali, masu kakar su zo su yi neman ɗalibansu a farashi mai sauƙi, tun da wannan ba ya buƙatar kwantirola biyu. Wanda ba shi da minti 40 yana iya zaɓar buga hari kaɗai ko muhimman lokuta kaɗai, ya gama cikin kusan rabin lokacin. A tanadi kwantirola ta ajiya, domin sandar dama tana shan aiki a wannan wasa, wajen kauce wa masu tarewa da wajen sauya ɗan tsaro, kuma wadda ta fara janyewa da kanta za ta riƙa sauya maka ɗan wasa ba ka so ba.

College Football 26 ya fito a Yuli 2025 da ƙungiyoyi 136, masu horarwa na gaskiya, ɗakin kofuna, da damar mai PS5 da mai Xbox su yi kaka ɗaya ta intanet. Wanda zai saya sabo fil da cikakken farashi, ya sayi wanda ya fi sabunta. Amma Skattebo ya tafi New York Giants ta NFL a 2025, don haka mai son ya ɗauki Arizona State ta 2024 daga ta 16 zuwa Alinton, 25 ne nasa, kuma faifansa na hannu ya fi araha yanzu. Idan za ka saya a shagunan Circle da ke Akra ko wurin masu kawo kaya daga waje, ka juya bayan faifan a haske ka duba tsagewa kusa da ramin tsakiya, ka tabbatar na'urarka mai cin faifai ce ba mai saukewa kaɗai ba, kuma ka sa mai shagon ya zuba shi a tasa na'urar har ya buɗe wasa kafin ka tura kuɗi.